Wuƙa, akwati ko gado: zaɓen abin da tarakta za ta ja don gyaran hanyar burji

Duk mai gona, garke ko sito a bayan Garwa, a arewacin Kamaru, ya san wannan hali. Kwalta tana kai ka wani wuri, daga nan ka sauka ka kama burji, mita ɗari uku ko kilomita biyu, hanyar da ba mai ita sai kai da maƙwabtanka. Gwamnati ba za ta turo gireda saboda ita ba. SODECOTON, wato kamfanin auduga, tana taɓa hanyoyin da motocinta ke bi su kwaso auduga, amma reshen da ya ratse ya shiga gonarka naka ne. Damina ɗaya ta bi ta kansa, tsakiya ta zama kwari, gefe ya zama tudu, mai tifa ya tsaya a bakin kwalta ya ce ba ya shiga sai an ƙara masa wani abu.

Tarakta kuwa tana ajiye a ƙarƙashin darbejiya. Da an gama huɗa ba ta da wani babban aiki sai jan tirela. Ita ce za ta riƙe maka hanyar, in ka rataya mata abin da ya dace.

Ni da ɓata na fara. Hanyata a wajen Pitowa ba ta kai kilomita guda ba. Na sa wani mai walda ya haɗa mini wuƙa da faifan ƙarfe mara kauri, muka share hanyar ta kwanta lebur kamar an shimfiɗa tabarma, ina ta murna. Ruwan Agusta na farko ya sauka, ya rasa ta inda zai fita, ya bi sawun taya ya miƙe. Kafin sati biyu hanyar ta koma ƙaramin mayo, wato rafi. Wani tsohon direban gireda da ya zo cin kasuwa ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, ai ba hanya ka gyara ba, lambatu ka haƙa." Tun daga ranar tambayata ta farko a kan kowane ƙarfen gyaran hanya ita ce ko zai iya tayar da doro a tsakiya ya kori ruwa gefe. Sauran duk bayan wannan suke zuwa.

Mataki na 1: Taka hanyar da ƙafa, kuma cikin ruwa

Kada ka je shago tukuna. Jira ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka ɗauki lema ka bi hanyar daga kwalta har ƙofar gona, kana kallon inda ruwa yake zuwa. Abin da ka gani a wannan tafiya shi zai zaɓa maka ƙarfe.

In ruwa yana gudu a tsakiyar hanya ko cikin sawun taya, doro ya mutu. Dole a kwaso ƙasa daga gefe a mayar tsakiya, kuma a buɗe lambatu. In ruwan kwanciya yake yi a ramuka nan da can, wurin ya yi lebur ne, taya kuma tana fantsalar da laka duk wucewa, ramin yana ƙara zurfi. Irin wannan rami ba ya jin ciko daga sama. Ka zuba masa burji yau, jibi ya dawo a daidai inda yake, domin bangonsa ya taurare kamar kasko kuma sabuwar ƙasa ba ta kama shi. Sai an farfasa wurin har ƙasan ramin.

Akwai kuma gargada, wannan ƙananan kunyoyi da ke jeruwa a kan hanya da rani, waɗanda masu Faransanci ke kwatantawa da kwanon rufi. Tana fitowa inda ƙasa ta bushe, garin da ke riƙe tsakuwa ya tashi ya bi iska, musamman inda ake taka birki ko ake ba mota wuta: bakin kwalta, kwana, hawa. Sai na ƙarshe, tsakuwa da ta tsere ta taru a gefe ta yi kunya mai tsawo, ta tare ruwa ta hana shi sauka lambatu.

Rubuta wanda ya fi yawa a hanyarka. Yawancin hanyoyin da na gani tsakanin Ngong da Gidar cutar farko ce ke damunsu, ramukan 'ya'yanta ne kawai.

Mataki na 2: Tona ka ga abin da ke ƙasa

Ɗauki diga ka tona wuri uku ko huɗu, ka auna kaurin burjin. In ya kai santimita 10 zuwa 15 kana da abin aiki. In bai wuce yatsu biyu ba, babu ƙarfen da zai taimake ka, tifa kake bukata kafin tarakta. Lissafin ba wuya: hanya mai tsawon mita 100, faɗin mita 4, kaurin santimita 10 tana cin mita 40 na kubik bayan an daɓe. Da yake sakakkiyar ƙasa tana raguwa in ta daɓu, ka yi odar kamar 50. Kuma ka auna bodin tifar da kanka, tsawo sau faɗi sau zurfi, kada ka tsaya ga abin da direba ya faɗa.

Burji mai kyau gauraye ne: tsakuwa manya da ƙanana, yashi, da ɗan jan yumɓu da zai ɗaure su. Jiƙa shi kaɗan ka dunƙule a hannu. In ya tsaya curi bai ɓata maka tafin hannu da laka ba, ya yi. In ya wargaje, ba shi da abin ɗauri, gargada zai yi. In ya manne kamar ƙullin tuwo, yumɓu ya yi yawa, santsi zai yi da damina. Tsakuwar cikin mayo, wadda ruwa ya goge ta ta yi sumul, ba ta zama a hanya, birgima take yi a ƙarƙashin taya. Fasasshen dutse irin na wajen Figil yana da kaifin gefe, yana cije juna, amma a karɓe shi da garinsa, ba wankakke ba. Dutsen da ya wuce ƙwan zabo girma a tsince shi a jefar, domin wuƙa za ta ja shi ya yi ta tsaga maka hanya.

Abin da ke ƙarƙashin burjin ma yana da magana. A ƙasar karal, baƙar lakar da ake dasa masakwa a filayen Diyamare har zuwa Kusiri, ƙasa tana kumbura da damina ta tsattsage da rani. In haƙoran ƙarfe suka huda burji suka tono wannan laka suka gauraya, ka kashe hanyar da hannunka. A can ana so a ɗaga hanya sama da filin da ke kewaye, a riƙa kankara sama-sama. Ga mutanen Kusiri da Njamena kuma, inda dutse sai an ɗauko shi daga nesa, kowace tsakuwa da ta gangara lambatu kuɗi ce, don haka ƙarfen da ke iya dawo da ita kan hanya ya fi musu komai.

Mataki na 3: Auna taraktarka

Abu uku za ka sani kafin ka yi ciniki.

Na farko faɗin tayoyin baya, daga wajen wannan zuwa wajen waccan. Dole ƙarfen ya rufe sawun tayoyin duka biyu, in ba haka ba kana gyarawa taya tana ɓatawa. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami, domin wuƙa in aka karkata ta faɗin aikinta yana raguwa. A karkatar digiri 30 saura kashi 87 cikin 100, a digiri 45 saura kashi 71. Ka ce taraktarka mita 1.9 ce. Wuƙar mita 2.1 a miƙe ta rufe, amma da ka karkata ta digiri 30 ta koma mita 1.8, ta gaza. Ta mita 2.4 kuwa za ta ba ka kusan mita 2.1. Saboda haka wuƙa a saye ta da rara. Akwati da gado, da bayaninsu ke zuwa a Mataki na 4, ba a karkata su, ya isa su ɗara tayoyin da ɗan taƙi kowane gefe.

Na biyu ƙarfin doki. Massey Ferguson 375 doki 75 ce, 385 kuma doki 85. Irin waɗannan suna jan wuƙar mita 2.4 ko akwatin mita 2.1 ba tare da kuka ba. Ƙananan taraktoci masu doki 45 zuwa 50 su tsaya a mita 1.8, ko 2.1 in wuƙa ce. Amma sau da yawa ba inji ne ke fara gazawa ba, taya ce. Akwati cike da jiƙaƙƙen burji yana sa tayar baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Tarakta mai ja da taya huɗu ta fi a nan, mai ja da biyu kuma a ƙara mata nauyi a tayoyin baya, a rataya mata ƙarafan nauyi a gaba don kada goshinta ya tashi in an ɗaga kaya.

Na uku girman fin, wato guntun ƙarfen da ake zurawa a rami ya ɗaure kayan aiki a hannayen tarakta. Hannaye ukun nan na bayan tarakta, biyu a ƙasa ɗaya a sama, dabarar wani maƙerin taraktoci ce mai suna Harry Ferguson, kuma yau an kasa su aji-aji. Aji na 1 finsa na ƙasa milimita 22 ne, na sama 19. Aji na 2 na ƙasa milimita 28, na sama 25, kuma tazarar hannayen ta fi faɗi. Taraktoci masu doki 70 zuwa sama galibi aji na 2 ne. Ana iya sa zobe a cike gibin fin, amma ƙarfen da aka ƙera don aji na 1 an ƙera shi ne don ƙaramar tarakta, babba za ta lanƙwasa shi ranar da ya ci karo da kututture.

Ga wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa. A yawancin taraktocinmu haidirolik ɗagawa kawai yake yi, ba ya dannawa ƙasa. Nauyin ƙarfen ne ke sa shi ya ci ƙasa. Shi ya sa wuƙata ta farko ta riƙa tsalle a kan busasshen burji kamar ɗan akuya. Ni yanzu wuƙar mita 2.4 da ba ta kai kilo 350 ba, ba na tsayawa kallonta.

Mataki na 4: Ƙarafan da kansu

*Wuƙar baya.* Faifan ƙarfe ne mai lanƙwasa, rataye a jikin gindi mai juyawa. Ita ce ƙanwar gireda. In aka karkata ta, ƙasa tana mirginawa a jikinta ta fita ta ɗaya ƙarshen, kuma wannan turawa gefe ita ce ke gina doro. Ba wani ƙarfe a cikin waɗannan da ke yin haka da kyau sai ita, in ban da giredar ja da za mu zo kanta. Amma wuƙa suna ta tara. Nemi mai motsi uku: tana juyawa hagu da dama har ta zagaye baya gaba ɗaya, tana sunkuyar da gefe ɗaya ƙasa, kuma tana gocewa gefe ta fita bayan taya. Sunkuyawar ce ke yanka lambatu. Gocewar ce ke ba ka damar share lambatun alhali tarakta tana kan busasshiyar hanya, ba ta shiga laka ba. Wuƙar da juyawa kaɗai take yi rabin wuƙa ce.

Aibinta biyu. Ba ta fasa taurin ƙasa, ta kan bi ta saman rami ta cika shi da gari. Sannan da yake tana rataye a bayan tayoyin baya, duk abin da tarakta ta taka sai ya fito a aikin: tayar gaba ta hau tudu, wuƙa ta nutse, tayar gaba ta faɗa rami, wuƙa ta tashi ta zubar da ƙasa. Sabon direba zai bar maka hanya mai igiyar ruwa. Maganin wannan taya ce ƙarama da ake ɗaura wa wuƙar a baya ta riƙe mata tsayi. In ka samu mai ita, ƙara kuɗi ka ɗauka. In babu, mai walda nagari zai iya sa mata.

*Akwati mai haƙora.* Bango uku ne na ƙarfe, buɗe a gaba, da wuƙa biyu a gindin bangon baya, ɗaya tana kallon gaba ɗaya baya, sai jerin haƙora da ake saukewa ko a ɗage. Haƙoran suna farfasa ƙasa, akwatin ya kwashe daga tudu ya ja ya zubar a kwari. Ga hanyar da ramuka suka cinye, ko filin gaban sito inda manyan motoci ke juyawa, ko baza tulin da tifa ta juye, babu kamarsa. Sai dai shi gaba yake jan ƙasa, ba ya tura ta gefe. Za ka iya ɗan tayar da doro da shi in ka sauke hannun tarakta na gefe ɗaya, amma aiki ne na haƙuri, kuma lambatu ba nasa ba ne. Wanda ya sayi akwati shi kaɗai yawanci yana ƙarewa da kyakkyawar hanya lebur, wato daidai abin da ya kashe tawa.

*Gado.* Haka nake kiransa saboda siffarsa: dogayen ƙafafu biyu na ƙarfe da ke sulɓi a ƙasa, da wuƙaƙe biyu a karkace a tsakaninsu. Ƙasa tana hawa kan wuƙar farko ta zuba, ta hau ta biyu ta zuba, tsakuwar da ta nutse ta dawo sama ta gauraya da gari. Tsawon ƙafafun yana haye ƙananan ramuka da gargada, don haka ba ya kwaikwayon tsallen tarakta. Ko yaron da ya fara tuƙi bana zai fitar da aiki mai kyau da shi: sauke, ja, shi ke nan. Amma gado mai riƙe hanya ne, ba mai gina ta ba. In akwai doro zai bi shi, gefe ɗaya a tafiya, ɗaya a dawowa. In babu ba zai ƙirƙiro shi ba. Kuma ciyawa da jiƙaƙƙen yumɓu suna toshe shi. In za ka saya, ɗauki mai haƙora a gaba.

*Manjagara.* Jerin haƙoran ƙarfe masu lanƙwasa da ɗan taushi, tana karkata kamar wuƙa. Tana dawo da tsakuwar gefe, tana tsince duwatsu da karan dawa. Ta gamawa ce, ba ta farawa ba, kuma a busasshiyar ƙasa tana raba tsakuwa da garinta. Ba zan sa kuɗina a kanta da farko ba.

*Giredar ja.* Wannan ita ce babba: doguwar ƙira mai tayoyinta, wuƙa a tsakiya, tarakta tana ja, wani lokaci da mutum a kai yana juya sitiyarin wuƙar. Da yake wuƙar tana tsakanin tayoyi masu nisa da juna, aikinta ya kusa na gireda sosai. A Zimbabuwe an daɗe ana riƙe hanyoyin karkara da irinta. Ga mai mita ɗari biyar ɓarnar kuɗi ce. Ga ƙungiyar manoma ta GIC ko ƙauyuka uku da ke raba hanyar kilomita goma, abin a zauna a yi shawara ne.

Kada kuma a raina tsofaffin tayoyin babbar mota guda uku ko huɗu da aka ɗaure da sarƙa ana ja. Ba sa gina komai, amma da rani suna kwantar da gargada tun tana ƙarama, kuma kusan kyauta ne.

To wanne za a saya? In kuɗin abu ɗaya gare ka, kuma hanyarka tana da gangare ko ruwa yana bin ta, sayi wuƙa mai nauyi mai motsi uku. Aikin haƙora kuwa, a shekarar farko haro ko garmar faifai da kake da ita za ta iya farfasa maka wuraren ramuka in ƙasa tana da danshi, a bi a hankali kada a zurfafa. In hanyar gajera ce a fili mai shan ruwa, matsalarka ramuka da baza sabon burji, akwati ya fi maka. Gado shi ne saye na biyu ga wanda ya riga ya gina doro kuma yana so yaransa su riƙa bi duk wata ba tare da sun ɓata ba.

Mataki na 5: A wurin ciniki

Ko sabo ne daga Duwala, ko na hannu da ya tsallako daga Yola ko Mubi, ko ƙirar masu walda na gari, duba waɗannan da idonka.

Bakin wuƙar, wato dogon ƙarfen da ke taɓa ƙasa, ya zama da noti aka ɗaure shi, ba walda ba, kuma mai baki biyu, in ɗaya ya cinye a juya. Wannan ƙarfe mai tauri ne na musamman. Masu walda masu basira suna neman tsohon bakin gireda su yanka, kuma ya fi kowane faifan kasuwa. Wanda aka yi da ƙarfen ƙofa, burji zai cinye shi kafin kaka. Tambayi inda ake samun bakin canji da kan haƙora tun kafin ka biya.

Kama ƙarshen wuƙar ka girgiza. In gindin juyawa yana kaɗawa, ko ramukan da fin ke shiga sun zama kamar ƙwai, wuƙar za ta yi ta rawa a kan hanya ta haifar da gargadar da ka zo kashewa. Duba bayan faifan ko akwai ƙarfen ƙarfafawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Duba walda a inda hannaye ke kamawa, nan ne ke fara tsagewa, kuma sabon fenti a wuri ɗaya tak yana ɓoye wani abu. Ga akwati, kaurin bangon gefe da ƙarfen da haƙora ke zama a ciki su ne ransa.

Wuƙa mai juyawa da haidirolik daɗi gare ta, ba sai ka sauka ba. Amma tana bukatar tarakta mai mahaɗar tiyo a baya, kuma tiyo in ya fashe a daji aiki ya tsaya. Mai fin da ramuka ba ta da abin lalacewa. Ni mai fin nake da ita, sauka sau shida a wuni bai kashe kowa ba.

In da hali, je da taraktar a rataya a gani. Gani ya kori ji.

Mataki na 6: Aikin farko

Lokaci ya fi ƙarfe muhimmanci. Busasshen burji ba ya yankuwa kuma ba ya daɓuwa, jiƙaƙƙe sharkaf kuma laka ne. Kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai kyau, lokacin da ƙasa ke dunƙuluwa a hannu, shi ne lokacinka. A wajen Garwa wannan yana samuwa daga Mayu zuwa Oktoba, a Marwa da Njamena damina ta fi gajarta, sai a yi hanzari.

Fara haɗa ma'auni. Samo miƙaƙƙen katako mai mita 2, ka buga masa ɗan guntun katako mai santimita 10 a ƙarƙashin ƙarshe ɗaya, ka ɗora ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa a kai. Ƙarshen da ba guntu a tsakiyar hanya, mai guntu a gefe. In ƙwayar ta tsaya tsakiya, gangaren ya kai santimita 5 a kowace mita. Abin da ake nema 4 zuwa 5 ne bayan daɓe, wato a hanya mai faɗin mita 4 tsakiya ta ɗara gefe da santimita 8 zuwa 10. Ƙasa da haka ruwa zai kwanta. In ya wuce da yawa kuma, motar da ta yi lodin buhuna za ta riƙa karkata, direbobi su koma bin tsakiya. Doron ya zama kamar rufin kwano mai fuska biyu, ba kamar bayan ƙwarya ba, domin mai zagaye samansa lebur ne, nan ramuka ke fara fitowa. A kwana ba a yin doro, gangare ɗaya ake yi zuwa cikin kwanar.

A tarakta, yi aiki da libar da ke riƙe tsayin hannaye, ka ɗage ta garma can sama. Ta garma tana ɗaga kaya da kanta duk lokacin da ta ji nauyi, wannan kuwa tudu da kwari zai bar maka. Ɗaure sarƙoƙin gefe kada ƙarfen ya yi lilo. Ga wuƙa, daidaita sandar sama, wato hannun tarakta na sama, har gindin juyawa ya tsaya a tsaye sak, in ba haka ba da ka karkata ta gefe ɗaya zai nutse. Ga akwati, gajarta sandar sama yana sa haƙora da wuƙar gaba su ci ƙasa, tsawaita ta yana sa ya zauna a wuƙar baya ya yi shafe.

Sannan bi da bi. Farfasa wuraren ramuka da gargada har gindinsu, ba tare da ka huda burjin ba. Karkata wuƙa digiri 30 zuwa 45, ƙarshen da ke gaba yana wajen lambatu kuma ya ɗan fi sunkuyawa, ka bi gefen dama kana turo ƙasa tsakiya, ka juyo ka bi ɗaya gefen. Kada ka nemi gamawa a bi ɗaya, yanka kaɗan-kaɗan sau uku ya fi yanka mai zurfi sau ɗaya. Ƙasar da ta taru a tsakiya sai ka rage karkatar wuƙa ka baje ta, kowane gefe daban. Kada ka taɓa bin tsakiyar hanya da wuƙa a miƙe, aske doron za ka yi. A ƙarshe juya wuƙar ta ba da baya ka yi shafe, ka tabbata ba ka bar kunya a bakin hanya ba ko ta yatsa uku ce.

Gudu kuwa, ƙaramin giya, tafiyar mutum mai sauri, kilomita 5 zuwa 6 a awa. Da ka wuce haka wuƙa za ta fara tsalle. Direbana ya taɓa ce mini, "Maigida, a haka sai la'asar." Na ce masa la'asar ɗin ta yi.

Abin da wuƙa ta kwaso daga lambatu a duba shi. In tsakuwar hanya ce ta dawo, madalla. In laka ce da ciyawa, a tura ta waje. Lambatun kuma a yi masa mafita zuwa daji a kai a kai, a gangare a matso da su kusa da juna, don kada ruwa ya taru ya yi ƙarfi ya fara zaizaya. Kafin ka saki ruwa ya nufi gonar wani, ka je ka same shi, in ta kama a je gaban jauro, wato mai gari. Rigimar ruwan damina tana daɗewa fiye da hanyar.

Daɓe shi ne abin da aka fi tsallakewa. In ba ka da rola, cika tirela da ƙasa ko durom-durom na ruwa ka yi ta bi, daga gefe zuwa tsakiya, kowane bi kana goce sawun baya, a ranar da aka yi aikin tun danshi bai tafi ba.

Kada kowa ya hau kan ƙarfen don ƙara masa nauyi, ko da yara sun roƙa. A ɗaura buhunan yashi ko tsohon ƙarfe. In za a canja baki ko haƙori, a tokare da kututture a kashe inji, kada a shiga ƙarƙashin abin da haidirolik kaɗai ke riƙe da shi. Tayoyin ja ko giredar ja a ɗaura su a sandar ja ta ƙasa, domin abin da aka ɗaura sama da gatarin baya yana iya kifar da tarakta ta baya cikin ƙiftawar ido.

Mataki na 7: Zagayen shekara

Babban aiki sau biyu ne. Ɗaya a farkon damina, bayan ruwa na biyu ko na uku, a tayar da doro a buɗe lambatu da kwalbati. Ɗaya a ƙarshenta, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, a gyara ɓarnar Agusta a daɓe da sauran danshi, hanyar ta taurare kafin motocin masara da auduga su fara shiga. Tsakanin nan bi ɗaya mara zurfi in sawun taya ya fara nunawa. Daga hunturu zuwa bazara a ajiye wuƙa, a shafa wa gindinta da fin ɗinta giris, a ɗora ta a kan katako. Kankarar busasshiyar hanya tayar da garin da ke riƙe ta kawai yake yi, iska ta kwashe. Tayoyin ja sun isa.

Sai shingen hana shiga bayan ruwan sama, irin wanda ake sa wa manyan motoci a hanyoyin ƙasa na Kamaru da Chadi. Ni ma na kafa nawa a bakin hanya, gora ɗaya a kan gwafa biyu. In an yi ruwa da dare, keke da babur su wuce, amma tifa da tirela sai bayan azahar, in ƙasar karal ce sai washegari.